Kifin Baba a Kan Cinyata

Kwana biyu ban ba shi abinci ba.
Haka Koh Aliong mai shagon kifi ya ce:
kifin da zai hau jirgi da azumi yake tafiya,
kada ya ɓata ruwan da yake numfashi a ciki.
Ya zuba ruwa kashi ɗaya, iska kashi biyu,
ya murɗe wuyan leda, ya ɗaure da roba uku,
ya naɗe kusurwoyin ƙasa don kada wutsiya ta maƙale.
Na miƙa kuɗi, ya ture hannuna.
Ya ce, mahaifinki ya biya tuntuni, da hira.

Gidanmu na bakin kogin Kapuas an sa shi a kasuwa.
Kujeru sun bi yayata Halijah,
agogon bango ya bi kawu.
Ni da na iso bayan an mayar da ƙasa,
rabona abin da aka manta a kan taga:
kwalba, da wani shuɗin masifaffe a ciki,
bai fi babban yatsa ba,
wanda Baba ya raɗa wa Laksamana,
yake karanta masa farashin shinkafa kowace safiya.

Filin jirgin Pontianak. Dogon layi.
Jakata ta shige bakin na'ura,
ledar kuwa na ɗaga ta da hannu biyu
kamar mai kawo shaida gaban alƙali.
Jami'i ya karanta takardar lafiyar kifi, ya juya bayanta,
ya kai ledar kusa da fitila.
Laksamana ya kumbura wuya, ya baje wutsiya,
zai yi dambe da mai kaki.
Me ya sa ruwan ya yi launin shayi?
Ganyen ketapang ne, na ce, yana kwantar masa da hankali.
Ya ce, da ma a jiƙa mana, mu ma.
Wuce.

Kujera ta ashirin da uku, jikin taga.
Jirgi ya ɗaga hanci, kunnuwana suka toshe,
leda ta ɗame tam a tafin hannuna.
Roba uku, na ce a raina, roba uku.
Can ƙasa Kapuas ya koma zaren da ya faɗi daga allura,
sai gajimare ya haɗiye shi.
Wanda bai taɓa tsallake bakin kwalba ba
ga shi a inda shaho ba ya kaiwa,
kuma ko a jikinsa.

Sanyin jirgi ba ya wasa.
Na cusa shi cikin rigar sanyina, na rungume.
Tsohuwar da ke gefena ta dubi tudun,
ta yi murmushi, ta miƙo mini alewar citta,
ta ce tana maganin tashin zuciya a watannin farko.
Ban gyara mata ba.
Ruwa na kaɗawa a kan cibiyata,
lokaci-lokaci wani ɗan bugu, ƙanƙane, daga ciki.

Ban riƙe hannun Baba ba a daren.
Ina wurin aiki, wayata a aljihun tebur.
Sau bakwai Halijah ta kira.

Surabaya, hawa na huɗu, ɗakin da ya cika da ƙarar babura.
Na ɗora ledar kan ruwan sabon tanki
har ɗumin ciki da na waje suka saba.
Cokali-cokali na haɗa ruwa biyu,
sannan na kwance roba. Ɗaya ta riga ta tsinke, ashe.

Ya fito a kodaɗe, ya laɓe bayan dutse.
Na zauna a ƙasa da takalmina a ƙafa.
An kira magariba, an kira isha'i.
Sai ya taso a hankali, ya sumbaci saman ruwa,
ya ɗebi iskar garin da bai sani ba.

Ƙwaya uku na jefa. Ya ci biyu.
Gobe sai na biya ta kasuwa,
ban ma san nawa ake sayar da shinkafa ba.