Igwar Wadannin Tudun Wada

Mako uku ke nan ina kan gemu guda,
gemun wada, bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Na sa ja, na goge, na sa ruwan goro,
buroshi mai gashi uku, fenti a murfin kwalba,
numfashi a riƙe, kar hannu ya yi rawa.

Da rana allunan shaguna nake rubutawa a Sabon Gari,
harafi ɗaya ya fi kaina girma.
Da dare a Tudun Wada, in an ɗauke wuta,
tocila a baki, gwiwar hannu a kan benci,
daga ni sai wadanni huɗu da igwa.

Ɗaya na ɗura albarushi,
ɗaya ya toshe kunne tun ba a harba ba,
shi na raɗa wa Jatau.
Bakin igwar tagulla ne, na bi lungunansa da baƙi
don a ce ta sha hayaƙi a yaƙe-yaƙen da ba ta je ba.
Ƙasar da suke takawa yashin Kubanni ce,
na tankaɗe da rariyar shayi, na manna da gam,
har yau uwargida ba ta daina tambayar rariyar ba,
ni ko ban da niyyar amsawa.

Kyauta, 'yar autata, ta ce a ba ta ɗaya.
Na miƙa mata wadda ƙafar ta karkace.
Kafin la'asar ta gama, da jan farcen yayarta:
igwa ja wur, wadanni ja wur,
idon ɗaya ya malalo har kumatu.
Na ce ya yi kyau. Ƙarya nake yi, ta kuwa san da hakan,
ta ajiye su a taga suna bushewa.

Asabar, Samaru, gidan Barau.
An kwashe kwanuka, an shimfiɗa koren zanen gado,
ga tudun soso da ya sassaƙa kamar Kufena,
ga kwalin taliya ya zama ganuwa.
Ƙattansa shida, kowanne da kulki,
ya jera su yana fito, kamar an riga an tashi.
Na hau da Jatau kan tudu,
na ja tef ɗin tela, inci ashirin da huɗu,
ƙaton gaba na daidai bakin igwa.

Na girgiza ɗan ludo, na hura masa iska, na saki.
Ya zagaya kofin shayi.
Ya tsaya.
Ɗaya.

Barau ya buɗe littafin doka, ba don bai sani ba,
ya karanta a hankali, yana lasar kowace kalma:
igwa ta fashe, ma'aikatanta sun tafi da ita.
Mako uku!
Ko harsashi ɗaya ba ta tofar ba.
Na ɗauke Jatau da yatsa biyu,
na kwantar da shi a auduga, cikin gwangwanin alewa.

Sai Kyauta ta turo tata daga bayan kwali,
ƙafar a karkace, tana warin jan farce.
Ba ta auna ba, ba ta hura komai ba,
ta jefa kamar mai watsa wa kaji dawa.
Shida.
Ta sake. Shida.
Barau ya kwantar da ƙatonsa da kansa,
fiton nan ya tsaya cak,
ya ce wa yarinyar, wa ya koya miki?
Ta ce ba kowa.

Mun sha kashi duk da haka, ƙatti biyar ba wasa ba.

A keke, wajen Kwangila, barci ya kwashe ta,
jar igwar a dunƙule cikin tafinta.
Na buɗe gwangwani a hasken motar da ke bayanmu,
na ga ƙarƙashin gemun Jatau
wani ɗigon toka da buroshi bai taɓa ba.
Direba ya ce, Malam, ina za a sauka?
Na ce bari mu wuce mai shagon kwalliya tukuna,
in bai riga ya rufe ba, akwai abin da zan sayowa.