Harsashi Uku a Gwangwanin Sukari

Ɗaki na sha bakwai, gado biyu, fanka ɗaya,
ni da Arzika muke ciki tun zuwanmu jami'ar Tawa.
Ina karatun shari'a, shi yana lissafin kuɗi.
In na yi minshari ya jefe ni da takalmi.

Wata Laraba yunwa ta sa ni sata,
na cusa hannu cikin buhun garinsa,
sai yatsana ya taɓo sanyi,
ba irin sanyin gindin randa ba.
Tsumma ne, an naɗe sau uku.
Na warware. Ƴar ƙarama ce, baƙa,
tana warin man keken ɗinki.

Ya shigo da buta a hannu, ya tsaya.
"Mi ka gani?"
Na ce: abin da zai kai ka kaso, a haɗa da ni.
Na zazzage masa karatun Malam Sahabi:
makami sai da takarda, takarda sai da hatimi,
cikin wannan katanga kuwa, ko mai kaki
a bakin ƙofa ake so ya tsaya.
Alli da albarushi ba sa kwana ɗaki ɗaya.

Ya ajiye butar a hankali.
"Ran da anka tare motarmu bayan Tabaram,
ina hatimin nan yake?
Baba na riƙe da tasbaha,
ni ina riƙe da takardar cin jarrabawa.
Ba wadda ta tsai da kowa."
Na buɗe baki, doka ta tokare min maƙogwaro
kamar ƙayar kifin Tabalak.

Daga nan na gane babbar rigar da ba ya tuɓewa
ko rana na dafa ƙwai a kan kwalta,
na gane kujerar ƙarshe, da bayan da yake ba bango.

Sai ranar layin abinci.
Wani ɗan shekara ta uku ya tsallake mu,
ya taka shi, ya ɗora da zagin uba.
Uba fa.
Na ga hannun Arzika ya saki faranti
ya gangara wajen ƙugu.
Ƴan mata biyu a gabanmu suna dariya kan waya,
Inna Tamo ta ɗaga ludayin miya,
ba wanda ya san dukanmu muna reto
a kan yatsa guda,
saboda shinkafa da wake.
Hannun ya tsaya.
Ya sosa wurin da ba ya ƙaiƙayi,
ya koma kan faranti.

Bai ci ba. Da dare ya kashe fanka,
na ji ƙaras, ƙaras, ƙaras cikin duhu.
Ya buɗe tafina ya zuba, ya rufe da nasa.
"Riƙe. Ba ni iya yada ita, hanyar gida na nan yadda take.
Amma yau na ji tsoron wani mutum
da ban san yana cikin rigata ba.
In an yi hutu ka ba ni a tasha."

Jiya aka raba takardun jarrabawa.
Tambaya ta biyu: wa doka ta yarje wa riƙon makami, kuma a ina?
Shafi huɗu na cika, ban yi tuntuɓe ba.
Sha biyar bisa ashirin.
Malam ya rubuta madalla da jan biro.

Na dawo na hura gawayin shayi,
na ɗauko gwangwanin sukari, ya yi ƙara
irin wadda sukari ba ya yi.
Shi da ƙarfe babu ciki, ni da ciki babu ƙarfe,
laifi ɗaya mun raba shi kamar goro.

Arzika na barci, bakinsa a buɗe.
Hutu saura kwana tara.
Akwai tasha, akwai ofishin shugaba,
akwai tsohuwar rijiya bayan filin ƙwallo.
Shayin ya tafasa har ya zube
ban zaɓi ko ɗaya ba.