Turmi Na Goma Sha Biyu

Bayan isha'i, a Rijiyar Ɗorowa,
ƙofar shagon Sahabi mai gyaran fanka,
zafi bai kwanta ba, mu ma ba mu kwanta ba.
Benci biyu, tabarma guda,
talabijin bisa mataccen firji,
janareto na tari a bakin kwata.

Can wata ƙasa inda rana ba ta faɗi ba
ƙarti biyu sun sa safar naushi,
mu kuwa nan mun zama alƙalai
ba albashi, ba rantsuwa.

Maidamma direba da yatsu yake ƙirge,
ya ba mai jan wando goma, ya ba ɗayan tara.
Cika mahauci ya ce ƙarya ne.
Shi da ya ɗaura zare a damben kaka
bai san wani abu wai shi maki ba:
"In babu kisa, mi ankai?
Rungume-rungume sai ka ce an dawo Hajji!"
Muka yi dariya har Sahabi ya zubar da shayi.

Baba Arzika ba ya dariya in ana turmi.
Kwalin sukari a cinya, guntun fensir a kunne,
layi biyu, ɗaki-ɗaki,
rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa.
Ya ce na yanzu ƙafa gare su, ba zuciya.
Na da, a baƙi-da-fari,
sai gira ta tsage, jini ya fito baƙi,
mutum ya goge ya ce a ci gaba.

A aljihun rigarsa akwai wani kwali,
ya yi laushi kamar tsohuwar naira.
Duk mun san shi.
Daren wata Asabar ne, tun yana saurayi,
a tsakar gidan wani ma'aikacin ruwa,
mutum sittin kan akwati ɗaya.
Gwaninsa bahago ne, siriri, mai tabo a haɓa,
turmi sha ɗaya ya ba shi bakwai.
Aka kaɗa ƙararrawar ƙarshe,
bahago ya tashi daga kujera,
ya taka ɗaya, ya taka biyu,
sai wuta ta ɗauke.

Da safe rediyo ya ce an kwantar da shi.
Arzika ya ce shi bai gani ba,
abin da ido bai shaida ba fensir ba ya rubutawa.
Ɗaki na sha biyu ya zauna fari
shekara arba'in da 'yan kai.

Jiya Ɗanjumma, jikan Cika,
ya zo da waya yana haki:
"Baba, na samo shi! Ga shi nan duka,
har inda aka ƙirga masa goma."
Muka matso, kai bisa kai,
warin zufa da na man inji.
Ga bahagon nan, ƙanƙane a tafin yaro,
yana shan ruwa, ana shafa masa gira,
bai san ya tsufa ba,
bai san wataƙila ya mutu ba.

Arzika ya zaro fensir.
Ya lashi bakinsa.
Ƙararrawa ta kaɗa, bahago ya miƙe,
ɗaya, biyu,
sai tsoho ya kife tafinsa kan wayar.

"Ɗauke abinka, wanga yaro.
Nan inda nib bar shi, tsaye yake."

Maidamma ya ce wannan ba alƙalanci ba ne.
Cika, da bai taɓa goyon bayansa ba,
ya ce a bar dattijo da kwalinsa.

Ya ninke shi huɗu, ya mai da aljihu,
ya nemi takalminsa da ƙafa cikin duhu.
A talabijin an ɗaga hannun mai jan wando,
ba wanda ya duba.
Sahabi ya ce mai ya kusa ƙarewa,
wa zai kawo ɗari biyu?