Hular Sagir

Mutum sittin na tara a Samaru.
Na rubuta sunayensu a guntayen takarda,
na zuba cikin hular Sagir, na girgiza.
Ban zaɓi kowa ba, hula ce ta raba su:
talatin ɗakin gabas, inda shiru ya kwanta,
talatin ɗakin yamma, inda na kunna musu
hayaniyar kasuwar Sabon Gari da na naɗo ran Litinin,
har da mai kiran tumatir.

Tambayata ba ta da tsawo:
shin surutu na cin hadda?
Kalma ashirin ga kowa. Minti uku. A kife takarda.

Da na ƙirga, sai lissafi ya juya mini baya.
'Yan hayaniya sun fi tunawa.
Kwana biyu ina jin kaina
kamar wanda ya tsinci zinariya a Kwangila.

Dakta Kubura ba ta taɓa jadawalin ba.
Ta ce, ƙarfe nawa 'yan gabas suka zauna?
Na ce, biyu da rabi, bayan an ci abinci.
'Yan yamma fa?
Da hantsi.
Wane ɗaki ne fankarsa ke juyawa?
Na yi shiru.
Wa ya karanta musu umarni, kuma da wace fuska?

Nan na tuna Jatau, a layin baya,
ya ɗaga hannu cikin ladabi:
Malam, wace amsa kake so mu ba ka?

Da daddare, a Ƙofar Gayan,
na kai wa Inna ƙarar duniya.
Tana kaɗa kuka, ba ta waiwayo ba.
Ta ce, ranar da zan gwada sabuwar daddawa
ba na sauya itace, ba na sauya tukunya.
In miya ta ɓaci, ina so in san mai laifi.

Shekara uku ina karanta wannan da Turanci.

Jibi zan sake.
Ɗaki ɗaya, sa'a ɗaya, fanka ɗaya.
Umarni na cikin ambulan, Sagir zai karanta,
bai san abin da nake fata ba,
kuma na hana bakina gaya masa.
Ni zan tsaya waje ƙarƙashin darbejiya,
nesa da taga,
kada fuskata ta shiga cikin sakamakon.

Hular dai ya ce in wanke masa.