Jakin da Ba Ya Cin Dusa

Kakana Maikano da jakuna bakwai ya shigo Kumasi,
ta hanyar Salaga, kanwa a mangala, kaushi a ƙafa.
Ya koma da goro, ya dawo, bai ƙara komawa ba.
Ni jikansa jaki ɗaya gare ni,
shi ma na ƙarfe,
ƙafa huɗu masu gurji-gurji kamar bayan kada.
A Suwame na saye shi, unguwar makanikai,
hannun wani Kwadwo mai baƙin mai har ƙarƙashin farce,
wanda ya rantse da kabarin uwarsa
Bature ɗaya ne ya taɓa hawansa,
shi ma sai ran Lahadi.

Na biya da rumfar gorona ta Aboabo
da sarƙar Adiza, wadda ta ce aro ne,
kuma kowace Juma'a takan tuna mini aro ne.

Da asuba in na murɗa makulli sai ya yi tari uku,
tarin tsohon da ya ƙi rabuwa da taba,
sannan ya kama gurnani.
Kajin maƙwabta sun saba.
Maƙwabtan ne dai har yanzu.

Gonata tana can bayan Kenyase,
inda kwalta ta gaji ta tsaya,
daga nan sai jan taɓo mai haɗiye takalmi.
Damina biyu ake yi a ƙasar nan,
kuma duka biyun a kan hanyata suke sauka.
A da rogo kan ruɓe muna jiran motar da ba ta zuwa,
agade ya nuna, ya yi baƙi, ƙuda ya yi walima.
Yanzu buhu huɗu a baya, gwaza a gaba, ni a tsakiya,
muna ratsa rafi ba sallama
kamar mai bin tsohon bashi.

Sai dai ba ya cin dusa, bai san harawa ba.
Dizal yake sha, galan bayan galan,
kuma yarinyar gidan mai ba ta jin yaren "sai gobe".
Duk ranar da sidi ya faɗi
a cikin tankinsa nake jin ƙarar faɗuwar.
Da bel ya tsinke, Kwadwo ya ce sai an aiko daga Tema.
Mako uku jakina yana gindin mangwaro,
har wata kaza ta yi ƙwai shida a kujerarsa.

Mai abin hawa ba ya rasa dangi.
Wanda ya shekara goma bai amsa sallamata ba
yau ya san sunan kakar kakata.
Maame Serwa ta ɗora buhun kokonta,
ta biya da kwakwar manja da addu'a irin ta cocinsu,
na karɓi duka biyun.
Daren da kububuwa ta sari ɗan Agya Boateng
a bayana aka ɗaure yaron da zani,
fitila ɗaya, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Yana nan da rai. Shi ke wanke mini tayoyi.

Larabar da ta wuce, gab da magariba,
tanki ya bushe a tsakiyar hanya.
Na yi masa magana. Na daki cinyarsa. Shiru.
Tsofaffi sun ce jakin kakana,
ko mai shi ya yi gyangyaɗi a kansa,
sai ya kai shi ƙofar gida.
Wannan bai san gida ba.

Na ɗauki jarka na kama hanya, gwiwa tana ƙorafi.
Sai ga itacen goro a gefen rafi,
shekara biyu ina wuce shi da gudu
ban taɓa ganinsa ba.
Ya yar da kwanso ɗaya a kan turba.
Na fasa da dutse, na ɓare, na gatsa.
Ɗaci tukuna,
sai can, a hankali, abin da ya sa kakana ya ƙi komawa.

Na sa biyu a aljihu.
Ɗaya na hanya,
ɗaya na Adiza,
kafin sarƙa.