Keken da Ke Shan Wuta

Shekara talatin da huɗu ina taka Rali
daga Yakasai zuwa masaƙar Bompai,
ƙafar wando a ɗaure da roba,
kwanon tuwo a kariya, rana a ƙeya.
Masaƙa ta rufe, Rali bai rufe ba.
Gwiwa ce ta ci amanata.

Na jingine shi a soro.
Gizo-gizo ya yi saƙarsa a ƙafar baya,
shi kaɗai ya rage masaƙi a gidan nan.
Ni kuwa na koma tabarmar ƙofar gida
ina ƙirga masu wucewa
kamar wanda suke biya haraji.

Sai ran nan Hansatu, autata,
ta aiko da wani abu cikin kwali.
Ta ce, "Baba, wannan wuta yake sha,
in ka gaji, shi bai gaji ba."
Na ce, keken da bai taɓa shan guminka ba,
me ya sani a kanka?
Kwana tara ko kallo bai ishe ni ba.

A majalisa Ilu ya yi dariya har goro ya sarƙe shi:
"Tanimu, da furfurarka?
Shi ba keke ba, shi ba babur ba,
jemage ke nan aka saya maka."

Ran Lahadi bayan asuba,
tun 'yan adaidaita ba su gama hamma ba,
na fito da shi a sace
kamar ɓarawo a gidan kansa.
Taki ɗaya na yi, sai na ji an tura ni.
Na waiga, ba kowa.
Haka mahaifina ya taɓa riƙe mini sirdi,
yana gudu a bayana, yana haki,
ya saki tun tuni ban sani ba.

Gidan Murtala ya wuce.
Titi ya miƙe kamar zare a kan injina.
Badala a dama, tana gyangyaɗi,
mai shayi na fifita gawayi,
mai ƙosai ta jefa na farko a mai,
iska ta cika mini riga har na yi ƙiba.
Ɗan'agundi, Na'isa,
ƙofofin da na daɗe ina jin sunansu a rediyo kawai,
ga su ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya.
Wani yaro ya ce, "Baba, a hankali!"
Rabon da a ce mini haka
tun Hansatu na goye.

A dawowa, daidai Gadon Ƙaya,
hannun da ke tura ni ya janye.
Ashe daren jiya an ɗauke wuta,
cikin abin bai cika ba.
Na tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa.
Nauyinsa ya ninka na Rali,
gida kuma bai matso ba don ya ji tausayina.

To, bismillah.
Gwiwar dama ta yi ƙara,
ta hagu ta amsa mata,
suka yi ta mita kamar tsofaffin maƙwabta,
amma ba wadda ta zauna.
Gumi ya gangaro ta ƙarƙashin hula
ya ɗiga a kan ƙarfen nan sabo.
Na ce, yawwa, yanzu mun san juna.

Hantsi ya dubi ludayi na shigo layinmu.
Ilu na zaune a inda na bar shi jiya,
sandarsa a gicciye kan cinya.
Bai yi dariya ba.
Ya shafa sirdin, ya latsa taya da babban yatsa,
ya daɗe yana kallon wani wuri can.
Sannan ƙasa-ƙasa, kada yara su ji:
"Yana kai mutum Goron Dutse?
Yayata na can, shekara biyu ban je ba."

Na ce, "In an kawo wuta."
Muka ɗaga kai tare muna duban ƙwan soro.