Kwana Shida

Ƙarfe huɗu na asuba na kama layi
a ƙofar 'yan sandan El Alto,
sanyi na gatsar kunne kamar kwikwiyo mai sabon haƙori.
Ni ce ta goma sha ɗaya.
Goman da ke gabana duk sun ja hula har gira,
ba wadda ta tambayi wata me ya kawo ta.
Labarin zuciya, ai fuska ta riga ta faɗa.

Suna? Nieves Apaza.
Sana'a? Busasshen dankali, kasuwar Alhamis da Lahadi.
Mai ɗaukar bayani ya ce takarda ta ƙare,
in tsallaka titi in sayo,
in haɗo da fayil mai ruwan ɗorawa.
Cinikin jiya, a nan ya kwana.

Da Aimara na sha dukan,
da Sifaniyanci aka rubuta shi.
Na ce, ya taka mini wuya da takalmin walda.
Ya rubuta: saɓanin ma'aurata.
A tsakanin bakina da alƙalaminsa
takalmin ya ɓace.

Likitan gwamnati ya ɗora ma'auni a kan kumburin
kamar tela zai yanka riga.
Santimita huɗu, shuɗi mai komawa kore.
Ya ce, kwana shida za ki warke.
Shekara goma sha huɗu na goyo masa a mayafi,
ya auna, ya ba ni canjin kwana shida.
Haƙorin da na haɗiye bara ba ya cikin lissafi.
Wai abin da ya warke ba shaida ba ne.

Alƙaliya ba ta ɗago kai ba, amma ta sa hannu:
kada Wilfredo ya kusance ni da mita ɗari.
Na ƙirga da ƙafata.
Daga ƙofata zuwa ta uwarsa, taku sittin da biyu.

Motar 'yan sanda ba mai.
Ni na biya tasi aka kai masa sammaci,
ni na nuna garejin da yatsa.
Ya ɗage gilashin walda, ya karanta,
ya yi mini murmushin nan da na sani,
wanda ke zuwa kafin a rufe taga.

Uwarsa ta zo da yamma, da kwanon miya a hannu.
Ta ce, 'yata, harshe da haƙori ma suna saɓawa.
Na ce, haka ne, Mama Casimira,
amma wane harshe aka yi wa ɗinki bakwai?
Ta ajiye miyar. Ta taɓa tsohon tabon girarta.
Ba ta ƙara cewa komai ba.

Daren Talata ya zo.
Ƙofar langa-langa tana rawa, lambar gaggawa tana ta ringi.
Maribel, ɗiyata, aji biyar,
ta zaro takardar daga leda
ta karanta masa ta kafar ƙofa, sashe-sashe,
tana tuntuɓe da manyan kalmomi.
Ni kuwa na hura usur ɗin da Fortunata ta ba ni,
ta goma a layi, mai karyayyen hannu.
Wani usur ya amsa. Sai wani.
Fitilun unguwa suka farka ɗaya bayan ɗaya,
har da ta taku sittin da biyu.

Ya tafi.
Har yau ban san wanne ya kore shi ba,
hatimin hukuma, ko muryar yarinya, ko usur.

An ɗage zama karo na uku, magatakarda na hutu.
Gobe ma ƙarfe huɗu.
Na cika filas da shayi, na sa kofi biyu.
Na sayi fayil mai ruwan ɗorawa, ba nawa ba,
na wadda za ta tsaya a bayana,
hula har gira,
ba ta san takarda za ta ƙare ba.